Darasi: Haɗa Lemon Tumatir da Kayan Lambu Mai Yaji a Gida

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. faɗin amfanin da jiki ke samu daga tumatir da karas da tattasai;
2. zaɓar kayan lambu masu kyau, ya kuma wanke su yadda ya kamata;
3. haɗa lita 1 ta lemon tumatir mai yaji da kayan aikin da ke cikin gida;
4. ninka awo idan mutane sun yi yawa, da lissafa abin da aka kashe;
5. sanin tsawon lokacin da lemon zai iya zama, da waɗanda ya kamata su yi hattara da shi.

1. Me ya sa za a sha tumatir?

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da masu noman rani ke ɗiban tumatir, kwanduna sukan cika kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi har mai lambu ya rasa mai saye. Kaya na fitowa daga fadamu, da kuma lambunan da ke shan ruwan madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. A irin wannan lokaci matar gida a Karofi takan sayi tumatir cike da roba da kuɗi kaɗan. Amma tumatir ba ya jira. Kwana uku ko huɗu a ɗaki mai zafi, na ƙasan kwando ya fara zubar da ruwa.

Da damina ta kankama sai labari ya sauya. Ɗanyen tumatir ya yi wuya, kowa ya koma wa kauɗa da na gwangwani. Wasu shekarun ma tsadar kan zo da wuri, kamar a 2016 da tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina.

Mun saba da hanya biyu ta cin moriyar arhar tumatir: mu yi miya, ko mu yanka mu shanya. Wannan darasi zai ƙara ta uku, wato a mayar da shi abin sha. Abubuwan shan da muka sani, zoɓo da kunun aya da lamurje da kunun zaƙi, kusan duk sai an zuba musu sukari. Lemon tumatir ba ya bukatar sukari ko kaɗan. Daɗinsa yana cikin ɗan tsamin tumatir, da zaƙin karas, da ƙamshin citta. Abin takaici ne a ga tumatir na ruɓewa a bayan ɗaki alhali ana aiken yaro ya sayo lemon kwalba a ba baƙo.

2. Abin da jiki ke samu

Tumatir da tattasai da lemon tsami suna da bitamin C. Yana taimaka wa rauni ya warke, yana kuma taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da zogale. Saboda haka kofin lemon tumatir tare da ɗanwake ko kwaɗon zogale haɗi ne mai kyau, musamman ga mata masu fama da ƙarancin jini. Karas kuwa yana da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Jan da muke gani a jikin tumatir daga wani sinadari ne da ake kira laikofin. Zafin wuta yana rage bitamin C, amma yana sa jiki ya fi iya tsotsar laikofin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana. Wannan lemon yana taimakawa wajen kusantar adadin. Sai dai a riƙe abu ɗaya: abinci ne, ba magani ba. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na ciwon suga kada ya ajiye maganinsa don ya fara shan lemon tumatir.

> Akwatin kalmomi
> Bitamin: sinadarin da jiki ke bukata ɗan kaɗan daga abinci don ya zauna lafiya.
> Laikofin: sinadarin da ke sa tumatir da kankana su yi ja.
> Dundumi: rashin gani sosai idan duhu ya fara.

3. Zaɓen kaya da wanki

A nan aka fi yin sakaci, don haka za mu daɗe a kansa.

A nemi tumatir da ya nuna ya yi ja jawur, amma yana da ɗan tauri a hannu. Mai tsawon nan da ake kira UTC yana da tsoka, lemonsa kan yi kauri. Mai zagaye ya fi ruwa da tsami. Kowanne zai yi, kuma haɗa su ya fi daɗi. Wanda ba zai yi ba shi ne fasasshe, da mai huda, da wanda funfuna ta fito masa fara ko baƙa. Gaskiya ne irin wannan ya fi arha, kuma da yawa mukan saye shi mu ce ai wuta za ta kashe komai. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma wasu gubobin da funfuna ke bari tafasa ba ta kawar da su. Tumatir kuma abu ne mai ruwa, funfunar da ta fito a gefe ɗaya takan riga ta ratsa ciki. A zubar da shi gaba ɗaya, kada a yanke gefen a yi amfani da sauran.

Sai batun feshi. Masu lambu suna fesa maganin ƙwari, kuma a jikin kwalbar kowane magani akwai adadin kwanakin da za a jira kafin a ɗebi amfanin gona. Mu da muke zaune kusa da masu noman muna da damar da mutanen birni ba su da ita, wato mu tambaya.

*Misali na 1.* Wata uwar gida ta je bakin lambu sayen tumatir. Bayan sun gaisa ta ce, "Baba, don Allah yaushe aka yi wa wannan feshi? Abin sha zan yi wa yara." Dattijon ya ce, "To 'yata, na wannan fangalin shekaranjiya aka fesa, bar shi tukuna. Zo in ɗebar miki na can gefen rijiya, ya fi mako biyu rabonsa da magani." Tambayar ba ta ɓata wa kowa rai ba, kuma ta koma gida da kayan da hankalinta ya kwanta da su.

Kafin a taɓa komai a wanke hannu da sabulu. A cire hancin tumatir da na tattasai da attaruhu, domin datti yakan maƙale a wurin. A wanke su ɗaya bayan ɗaya ana murzawa da yatsu, a sauya ruwa sau uku, ko a sa wani ya riƙa zubo ruwa da buta. Tsoma su gaba ɗaya cikin ruwa guda a tsame ba wanki ba ne. Karas a kankare bayansa bayan an wanke ƙasar, haka ma citta. Wuƙa da faranti da rariya su ma a wanke, kada a yi amfani da wuƙar da aka yanka ɗanyen nama ko kaza ba a wanke ta da sabulu ba.

Ruwan da za a zuba cikin lemon ya zama ruwan sha mai tsafta. Idan na rijiya ne ko na 'yan garuwa, a tafasa shi ya yi aƙalla minti 1 yana tafarfasa. Kwalara da taifot ta ruwa da abinci suke shiga, kuma ruwa yana iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da su.

> Akwatin kalmomi
> Funfuna: farin abu ko baƙi ko kore da ke tsirowa a kan abincin da ya fara lalacewa.
> Ƙwayoyin cuta: halittu ƙanana da ido ba ya gani, masu jawo amai da gudawa da zazzaɓi.

4. Kayan haɗi da awo

Wannan awo zai ba da kusan lita 1, wato kofi 4 matsakaita:

- tumatir kilo 1 (kamar guda 10 zuwa 12 matsakaita)
- karas 2
- albasa ƙarama 1
- tattasai 1
- attaruhu rabi, ko guda 1 ƙarami
- ɗanyar citta, tsawon gaɓar babban yatsa
- kanumfari 2, masoro 4 ko 5
- lemon tsami 2
- gishiri kwatan cokalin shayi
- ruwa rabin lita

Wanda ba shi da abin awo ya tuna ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce. Kayan aiki kuwa tukunya ce da ludayi da rariya mai ƙananan ido. Mai bilenda da wutar lantarki ya huta, amma turmi mai tsafta ko bayan ludayi sun isa. Shawarata a guji kai kayan injin markaɗe na unguwa. Injin ya niƙa waken ƙosai da barkonon wasu kafin naku, kuma ba ku san ruwan da aka ɗauraye shi da shi ba. Idan dole ta sa an kai, to lallai a tafasa markaɗen sosai bayan an dawo.

5. Yadda ake haɗawa

A yanka karas sirara don ya yi saurin nuna. A yanka albasa da tattasai, a daddaka citta da masoro. A ɗora tukunya da rabin litar ruwan nan, a zuba karas da albasa da tattasai da citta da masoro da kanumfari, a bar su su tafasa kamar minti 10.

Yanzu sai tumatir, kuma yadda ake zuba shi yana da muhimmanci. Kada a yanka shi duka a ajiye yana jira. A yanka uku ko huɗu kai tsaye cikin tukunyar da ke tafasa, a danne su da bayan ludayi. Idan tafasar ta dawo a ƙara wasu, haka har ya ƙare. Dalili shi ne, da zarar an yanka tumatir wani sinadari da ke cikinsa yakan fara tsinka abin da ke riƙe da kaurinsa. Shi ya sa markaɗen da aka ajiye kan rabu biyu, ja a gefe, tsararon ruwa a gefe. Zafi mai ƙarfi yana tsayar da wannan sinadari nan take, sai lemon ya fito da jiki ɗaya.

Bayan tumatir na ƙarshe ya shiga, a rage wuta a bar shi minti 10. Alamar ya yi ita ce fatar tumatir ta saɓule ta nannaɗe, karas kuma ya farfashe idan an danna shi da ludayi. A sauke, a tsame kanumfari, a bari ya sha iska kaɗan. Sai a markaɗa ko a dandanne, a juye a rariya ana gogawa da bayan ludayi har sai fata da 'ya'ya kawai suka rage. Dusar da ta rage kada a zubar, a sa ta a miyar dare ko dafa-duka.

A ƙarshe a zuba gishiri, a matse lemon tsami. Ana barin lemon tsami sai an sauke ne don kada wuta ta cinye bitamin ɗinsa da ƙamshinsa. Idan kaurin ya yi yawa a ƙara dafaffen ruwa. A juye a langa mai murfi ko kwalba mai tsafta. Kada a bar shi ya daɗe a tukunyar dalma, tsamin yana cin jikinta, lemon ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe.

Da hunturu ana shan sa da ɗuminsa, yana buɗe maƙogwaro. Da bazara a sanyaya shi.

6. Sarrafa yaji

An lura ba a ambaci attaruhu a wajen dafuwa ba? Da gangan ne, domin a gida ɗaya akwai tsoho da yaro da mai gyambon ciki da wanda ba ya jin abinci sai idonsa ya kawo ruwa. Akwai dabara biyu.

Ta farko, a jefa attaruhun gudansa ba a yanka ba a minti 5 na ƙarshe, a tsame shi kafin a markaɗa. Ƙamshin zai fita, zafin kaɗan ne zai shiga. Ta biyu, a dafa attaruhun daban a ɗan ruwa, a daka shi, a dama da cokali uku na lemon a ajiye a ƙaramin kofi. Kowa ya ɗiba gwargwadon bakinsa. A gidan da ke da yara ta biyun ta fi.

Mafi yawan zafin attaruhu yana jikin farin zaren nan na ciki da 'ya'yan ke manne da shi. Idan aka kankare shi da cokali zafin zai ragu sosai. Sinadarin zafin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Saboda haka wanda hannunsa ke raɗaɗi ya shafa man gyaɗa sannan ya wanke da sabulu, kuma kada ya taɓa ido ko ya ɗauki jariri kafin ya yi haka.

Idan yaji ya riga ya zarce a tukunya, sukari ba zai gyara ba. A dafa ƙarin tumatir da karas a tace a haɗa. Kanumfari ma a yi masa a hankali, ƙwaya biyu sun isa lita guda, idan ya yi yawa yakan danne ƙamshin komai. Mai son sauyi zai iya ƙara ganyen na'a-na'a bayan an sauke, ko ɗan guntun kimba a wajen dafuwa.

7. Lissafin awo da kuɗi

*Misali na 2.* Da azumi wani magidanci yana da mutum 12 a wajen buɗa-baki, kowa kofi ɗaya. Lita 1 tana ba da kofi 4. Idan aka raba 12 gida 4 za a samu 3, ke nan lita 3 ake bukata. Sai a ninka komai sau 3: tumatir kilo 3, karas 6, albasa 3, tattasai 3, lemon tsami 6, ruwa lita 1 da rabi. Attaruhu da kanumfari kawai ake fara ninkawa sau 2, a ɗanɗana, sannan a ƙara idan da bukata. (Mai azumi ya fara da dabino da ruwa tukuna. Abu mai tsami da yaji a cikin da ya wuni babu komai yakan tayar da ƙwannafi.)

*Misali na 3.* Waɗannan kuɗaɗe don koyon lissafi aka sa su, kowa ya musanya su da farashin kasuwarsa. A ce tumatir kilo 3 naira 1,500 ne, karas 300, albasa da tattasai da attaruhu 400, kayan ƙamshi 200, lemon tsami 300, gawayi da ruwa 300. Jimla naira 3,000. A raba wa kofi 12, kowane kofi ya tashi a naira 250. Da wannan lissafi mutum zai san ko haɗawa ta fi saye sauƙi a wannan makon. Da damina, lokacin tsadar tumatir, sau da yawa lissafin ba zai fita ba, gara a yi zoɓo.

*Misali na 4.* Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya da dunƙule. Kwatan cokalin da muka sa a lita bai wuce giram 1 da rabi ba. Idan aka raba shi kofi 4, kowane kofi bai kai rabin giram ba. Amma da a ce cokali guda aka zuba, kofi biyu kawai zai cinye fiye da rabin gishirin yini.

8. Ajiya

Lemon tumatir ba ya daɗewa. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce dafaffen abu kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1. A ƙasarmu da bazara, watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40. Randa tana sanyaya abu ya yi daɗin sha, amma sanyinta bai kai ya hana ƙwayoyin cuta hayayyafa ba. Firij mai wuta tsayayya zai riƙe shi kwana 2 zuwa 3. Kula mai ƙanƙara za ta riƙe shi muddin ƙanƙarar ba ta narke ba, kuma a jera kwalaben a kanta, kada a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba cikin lemon. Inda babu ɗayan waɗannan, a haɗa iya wanda za a shanye a zama ɗaya.

Kada a ɗura shi a gorunan da aka tsinto. Idan ya fara kumfa, ko gorar ta kumbura, ko warinsa ya sauya, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Akwai gargaɗi mafi girma. Kada wani ya ɗura wannan lemon a kwalba ya toshe ya ajiye a ɗaki da niyyar sha da damina. Karas da albasa da tattasai ba su da tsami, kuma a cikin rufaffiyar kwalba marar iska wata ƙwayar cuta tana iya tsirowa ta saki guba mai shanye jiki har ta kashe, wani lokaci ba tare da wari ko launi ya sauya ba. Kamfanoni suna da tukwane masu matsin tururi da ke kashe ta, tafasar murhu ba ta isa ba. Don ajiyar watanni, kauɗarmu ta gado ta fi aminci. Wanda kuma yake son ɗurawa a kwalba ya kai kantuna sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC.

9. Waɗanda za su yi hattara

Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai ake ba shi. Ƙananan yara a ba su marar attaruhu. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi ya gwada kaɗan marar yaji, idan ya tayar masa ya bari. Mai hawan jini a cire masa gishiri, a ƙara lemon tsami. Mai ciwon ƙoda kada ya sha sai ya tambayi likita, domin tumatir yana da sinadarin fotasiyam da yawa, kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata.

> Akwatin kalmomi
> Lita: awon ruwa, daidai da ledar fiya wata biyu.
> Digiri: awon zafi ko sanyi.
> Fotasiyam: sinadarin da zuciya da tsoka ke bukata, amma yawansa a jini haɗari ne ga mai ciwon ƙoda.

Tambayoyin bita

1. A waɗanne watanni tumatir ya fi arha a yankinku, kuma me ya sa?
2. Faɗi amfani ɗaya na bitamin C da ɗaya na bitamin A.
3. Me ya sa ba a yanke gefen tumatir mai funfuna a yi amfani da sauran?
4. Wace tambaya ya kamata a yi wa mai lambu kafin a sayi tumatir?
5. Me ya sa ake yanka tumatir kaɗan-kaɗan cikin tukunya mai tafasa?
6. Bayyana dabara biyu ta sarrafa zafin attaruhu. Wacce ta fi dacewa da gidanku?
7. Za a yi walimar suna, ana sa ran mutum 20, kowa kofi ɗaya. Lita nawa ake bukata? Tumatir kilo nawa, karas nawa?
8. Idan an kashe naira 4,000 aka samu kofi 20, nawa kofi ɗaya ya tashi?
9. An gama haɗa lemo da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu, babu firij babu ƙanƙara. Zai iya jira har magariba? Kawo dalili.
10. Lissafa mutum uku da ya kamata su yi hattara da wannan lemon, da abin da kowanne zai yi.

Aikin gida: Ku tambayo farashin kayan haɗin nan a kasuwar da ta fi kusa da ku, ku rubuta su a littafi, ku lissafa kuɗin kofi ɗaya, ku zo da shi aji na gaba a gwada da na sauran ɗalibai.